Injiniya Uzairu da Zakaran Ingila

Ni dai in akwai abin da nake nadama a duk shekarun da na yi ina ɗinki, bai wuce rigar aikin da na ɗinka wa Uzairu ba. Shuɗiya ce, mai aljihu bakwai, na kuma zauna da hannuna na rubuta masa INJINIYA da jan zare a gadon baya. Allah ya yafe mini. Tun ranar da ya zura rigar nan, babu wani abu mai ƙusa a layinmu na Gangare da ya sake samun zaman lafiya.

Injiniyan me? Wata uku ya yi a wani gareji a Kaduna, kuma wanda ya gan shi a can ya rantse mana ruwan wankin mota yake ɗebowa. Fankar shagona ya taɓa gyara mini, ta dawo tana hura wa bango iska, ni da ke gabanta ina sharce gumi. Da na yi magana sai cewa ya yi, "Anti Hasiya, haka na ƙasar waje suke. Sai iskar ta bugi bango ta huce sannan ta iso gare ki."

To wannan mutumin ne ya faɗa wa babur ɗin Inna Asta.

Inna Asta ce mai gidan da shagona yake jikinsa. Mijinta, marigayi Malam Sajo, masinja ne a wani kamfanin kuza a Bukuru, kuma yana da wani ɗan ƙaramin babur ruwan toka da ya saya tun ba a haife ni ba. Fiye da shekara talatin, kullum gab da magariba, da ta jiyo tut-tut-tut ɗinsa daga kwanar layi sai ta tashi ta ɗora ruwan shayi. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, babur ɗin na jingine a zaure ƙarƙashin tampol, ko ɗan yatsa ba ta bari a ɗora masa.

Wata safiya ta dawo daga asibiti ta zauna a bencin shagona. Likita ya ce kunnenta na hagu ya tafi, na dama ma ya kama hanya.

"Hasiya," ta ce, "ni ba hawa zan yi ba. So nake in ji kukan babur ɗin Malam sau ɗaya, kafin kunnen nan ya ƙarasa rufewa."

Tausayinta ya kama ni har na kasa zura zare. Sai dai mai ciwon kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa, kuma tsautsayi ya sa Uzairu na tsaye a bakin kwata yana goge baki. Kafin in ce zan nemo mata bakanike, har ya tofar da asuwaki ya iso. Ga shi ɗan ƙanin Malam Sajo ne. Na yi mata raɗa, na yi ƙifta ido, ta ce, "Ɗan gida ne, kar a ce na raina shi."

Muka shiga zaure. Ya yaye tampol, ya zagaya babur sau uku hannuwa a baya kamar mai tayin saniya. Can ya tsaya cak a gaban madigadin gaba, inda aka ɗaure wani ɗan zakaran tagulla. Sai ya yi kabbara.

"Inna! Kin san abin da kika ajiye a zaure? Wannan Zakaran Ingila ne! Guda bakwai kaɗai aka ƙera a duniya, sojoji suka yi yaƙi da shida!"

Na koma shago na ɗauko dutsen gugana na gawayi, na dire masa a gabansa. A kan murfin ga zakara nan, iri ɗaya sak, har tsagar wutsiya.

Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ko kunya.

"Ai kin gani," ya ce. "Har masu dutsen guga sun kwaikwaye su."

"Malam ne ya ɗaura shi," in ji Inna Asta, "shekarar da dutsen gugana ya fashe."

"Haka ya gaya miki don kar ɓarayi su ji."

Ta gyara mayafi ta ce, "To in za ka tayar da shi, Malam kullum da safe sai ya fara…"

"Inna, bar mini wannan. Baffa hawa kawai ya iya, ni kuwa cikinsa na karanta."

Washegari ya fito da shi ƙofar shagona, ya zuba sabon mai, ya sa sabon fulogi, ya hau buga kik. Babur ya yi tari, ya mutu. Ya sake bugawa, ya yi tari, ya mutu. Na ƙirga har arba'in kafin in gaji. Masu shayin tsallaken layi suka juyo da bencinsu don kar kallo ya wuce su.

"Injiniya, a kawo maka kunu ne?" in ji ɗaya.

"Ku yi dariya. Injin ne ya kwana biyu, sai an yi masa tiyata."

Aka shimfiɗa tabarma, aka fara tiyata. Kafin azahar babur ɗin Malam Sajo ya koma fanteka huɗu da kwanon sha biyu, duk na Inna Asta. Kaji suka zo suka tsince ƙananan ƙwallayen ƙarfe, suna zaton dawa ce. Wata 'yar waya mai tsalle ta kuɓuce masa ta faɗa kwata, ya bi ta da kallo ya ce dama ba ta da amfani, Turawa ado kawai suka sa ta. Sannan ya sami wani wuri a jikin inji ya dinga gurza shi da takardar gurza ƙarfe har ya yi ƙyalli.

"Me kake gogewa?" na tambaye shi.

"Tsatsa ce mai kama da rubutu."

Da ya tashi neman kayan gyara, sai na ce ni ma zan je kasuwar Kwararafa sayen zare. Ƙarya nake, ina da zare har na kyauta. So nake in ga yadda za su ƙare da Madam Ulonma, wadda ta fi shekara talatin tana sayar da kayan babur, kuma ko a aljihu ka jijjiga mata ƙusa za ta gaya maka ta wace taya ce.

Ya shiga shagonta yana juya baya don ta karanta rigar.

"Madam, kayan Zakaran Ingila nake nema. Orijina."

Ta sauke tabarau. "Oga, kaza ne ko mashin?"

Ya nuna mata hoto a waya. Ta duba sau ɗaya ta miƙa masa.

"Wannan ɗan Japan ne, ƙaramin nan na da. Babana ya hau irin shi. Mashin mai kyau, ba ya mutuwa. Kawo lamba na inji, zan nema maka kaya."

"Wace lamba?"

"Yana jikin inji, ta gefe. An buga shi a ƙarfe."

Ni kuwa na kasa riƙe bakina. "Ita ce tsatsar nan mai kama da rubutu?"

Madam Ulonma ta dafe kai da hannu biyu. "Chineke! Ka goge lamba? Oga, wa ya aike ka?" Ta numfasa ta ce, "To tsaya. Kafin ka kwance, yaya yana yi?"

"Tari, ya mutu. Alamar inji ya gaji."

"Ka duba salansa?"

Uzairu ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Salansa! Ana maganar zuciya kina maganar wutsiya. Anti Hasiya, mu tafi, matar nan kayan gwanjo kawai ta sani."

"Sai ka dawo, oga Zakara," in ji ta.

Kwana biyar yana yawo daga wannan shago zuwa wancan. A ko'ina ya ce Zakaran Ingila, a ko'ina aka nuna masa hanyar kasuwar kaji. Abin da ya samo duk ba su shiga ba: wannan ya yi girma, wancan na janareta ne, wani ma ina kyautata zaton na famfon tuƙa-tuƙa ne. Wanda ya ƙi shiga ya sa masa guduma. Inna Asta ta leƙo ranar nan ta ga ana dukan kayan mijinta, ta ce, "Uzairu, maganar da nake son gaya maka, Malam fa kafin ya tayar…"

"Inna, don Allah! Ana tsakiyar lissafi!"

Ta koma ciki sum-sum. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Rana ta shida ina guga sai na hangi ɗan gwangwan yana tura kurarsa zai bar layi, da wani buhu a kai yana ƙaran-ƙaran. A ƙofar shagona kuma ga wani tsohon injin markaɗe an ajiye, baƙi ƙirin, har da busasshen tattasai a jikinsa. Nan take na gane: musaya aka yi. Injin Malam Sajo ne a buhun can.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na rungumi fankar nan mai hura wa bango iska, na bi shi a guje, na tare shi a kwana. Na ba shi fankar, na ƙara masa da tsohon kan keken ɗinki da ke ƙarƙashin teburina, ya sakar mini buhun. Da yamma na sa shi a Keke Napep na kai wa Madam Ulonma. Ta zazzage, ta daɗe tana juya ƙarafan tana tsaki.

"Ban yi alkawari ba," ta ce. "Ya yi mishi duka sosai. Kuma sai an kawo jikin mashin."

Jikin kuwa yana hannun Injiniya, kuma ni ban da zuciyar da zan je in gaya wa tsohuwa cewa injin mijinta a buhu yake.

Shi ko gogan, ya tura gangar babur da injin markaɗe zuwa wajen mai walda. Wurin ɗaura bel ya ƙi saituwa da tayar baya, sai ya ce a juya injin, gaba ya koma baya. Mai walda ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Oga, in aka juya shi fa…"

"Walda aka ce ka yi ko wa'azi?"

Aka liƙa. Ya shafe tanki da koren fentin ɗaki. Salansar Malam Sajo kuwa ya mayar da ita yadda take, ya goge ta da toka har tana ɗaukar ido. Zakara ya sha man gogewa. Daga nan sai takardun gayyata suka fito: GAGARUMIN BIKIN TAYAR DA ZAKARAN INGILA, Asabar bayan la'asar, babban baƙo mai unguwa.

Wallahi an taru. Har daga Anguwan Rogo an zo, don labarin Uzairu ya riga takardarsa isa. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ajiye zoɓo cikin manyan bokitai biyu a bayan babur. Madam Ulonma ta rufe shago ta zo ta tsaya daga gefe, hannu a ƙugu. Inna Asta ta sha sabon mayafi, aka zaunar da ita a gaba, ta karkato kunnenta na dama wajen babur.

Uzairu ya karɓi lasifika ya yi jawabi. Ya ce yau Jos za ta shiga tarihi. Ya ce Turawa sun kira shi a waya ya ƙi ɗauka. Ya ce akwai masu hassada, har da masu ɗinki, amma ya yafe musu. Sannan ya zaro igiya daga aljihu na bakwai ya naɗa a jikin inji.

"Babur da igiya?" wani ya ɗaga murya. "Rijiya ce?"

"Na Ingila ba a taka su da ƙafa, raini ne."

Ya ja. Shiru. Ya ja. Tari. Ya ja, ya ja, hularsa ta faɗi, jijiyar wuyansa ta miƙe. Mai unguwa ya duba agogo. A ja na goma sha ɗaya sai muka ji DUM! Wani baƙin abu ya fito daga salansa kamar harsashi, ya tafi da hular mai unguwa, ya daki ƙofar gidan tsallake, ya dawo yana gangarawa har gaban Inna Asta. Rabin 'yan kallo sun riga sun kwanta a ƙasa suna salati.

Inji kuwa ya kama: ta-ta-ta-ta-ta, layi duka na rawa. Ƙofofi suka fara buɗewa. Ummi mai ƙosai ta fito da bokitin wake a ka tana tambaya, "An kawo markaɗe layinmu ne? Wa ke kan layi?" Bayanta ga wasu mata biyu da robobin tattasai.

"Ku kauce!" in ji Uzairu. "Tarihi zai wuce!"

Ya haye, ya gyara zama, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ja ƙarfen da ke ɗaure bel. Zakaran Ingila ya zabura.

Da baya.

Bokitin zoɓo na farko ya tashi sama, na biyu ya kife. Ya bi ta kan kujeru, ya kwashe ƙafar rumfa, rumfa ta rufto kan manyan baƙi. Uzairu na riƙe da kan babur, fuskarsa na kallonmu, yana nisa da mu, yana ihu.

"Ribas ne! Na Ingila duk da ribas suke!"

"Taka birki!"

"Sai sati mai zuwa zan ɗaura!"

"To kashe shi!"

"Ba shi da makashi!"

Layinmu kuwa gangara ne. Ya wuce masu shayi, ya wuce shagon mai aski, akuyoyi na tsalle hagu da dama, Ummi na bin sa da bokiti tana cewa ya tsaya ko rabin kwano ya markaɗa mata. Babbar kwatar ƙarshen layi ce ta yi mana maganinsa. Muka ji tsulum, inji ya yi gurnani biyu ya yi shiru. Da muka isa, ƙafafu kawai muke gani da kalmar INJINIYA tana yawo a saman ruwa.

Dariya har da masu birgima. Mai unguwa da kansa, kai ba hula, yana share hawaye da bakin riga. Aka jawo shi da igiyarsa, aka jawo babur, aka tuso su gaba har ƙofar gida, yana ɗingishi yana bayani cewa gwaji ne, kuma gwajin ya yi nasara kashi tamanin.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna Asta na zaune inda aka bar ta, da baƙin abin nan a tafin hannunta tana shafawa. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka lura, dariya ta ɗauke.

"Wannan ba kukansa ba ne," ta ce.

Ta ɗaga abin. Totuwar masara ce, hayaƙi ya mayar da ita gawayi.

"Zanzaro ne ke yi masa gida a salansa. Shi ya sa kullum in Malam ya dawo sai ya toshe ta da totuwa, da safe ya zare. Wannan shi ya sa ta da hannunsa, ranar da ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Sau biyu ina son gaya maka, Uzairu. Cire ta kawai za ka yi." Ta dubi baƙin injin da ke ɗigar da ruwan kwata. "Ina injin Malam?"

Uzairu ya ce, "Inna, an… an tura shi bincike."

"Binciken uban wa?" na ce, don na kai wuya. "Ɗan gwangwan ya ba wa! A buhu, kamar ƙashin miya!"

Jama'a suka ɗauki salati. Inna Asta ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Hawaye ne kawai suka gangaro mata, kuma na rantse da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Sai Madam Ulonma ta ratso mutane ta durƙusa daidai kunnenta na dama.

"Mama, kar ki kuka. Inji yana shago na, 'yarki Hasiya ya kawo. Ba ni jikin mashin. Amma wannan oga, ko inuwa nashi kar ya zo kusa."

Sati uku aka yi. Ta aika har garin Nnewi neman abin da guduma ta lalata da abin da kaji suka haɗiye, ta sa wani tsohon bakanike da suka daɗe suna aiki tare ya zauna a kai. A cikin kwanakin ne Uzairu ya kawo mini rigarsa wai in ɗinke inda ta yage. Na ɗinke masa tsaf, sannan na sa reza na farke rubutun bayan harafi bayan harafi. Aljihunan na bar masa.

Ranar wata Laraba gab da magariba ina tsakar gida muna tsintar shinkafa da Inna Asta, sai ga shi daga kwanar layi, siriri, a hankali: tut-tut-tut-tut. Hannunta ya tsaya a cikin tire. Ta karkata kai. Sai ta miƙe kamar ba mai ciwon gwiwa ba, ta shiga kicin, ta ɗora ruwan shayi, ta sauko da kofi biyu daga kabad. Tana riƙe da na biyun ne ta tuna. Ta daɗe a tsaye da shi a hannu, bakinta na motsi da addu'a, babur na kuka a zaure. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Bakaniken ne ya tuƙo babur ɗin, Madam Ulonma na biye da shi. Kofin nan ita aka cika wa, bakanike ya sha a nawa. Muna cikin sha sai ga kan Uzairu ya leƙo ta ƙofar zaure, da bandeji a goshi.

"Kun ji yadda yake kuka lafiya lau? Ai ni na sassauta musu ƙusoshin. Da ban fara ba…"

Inna Asta ta kwance bakin zaninta ta ciro totuwar, ta miƙo mini. Na tashi zan mayar da ita salansa yadda Malam yake yi.

"A'a, Hasiya," ta ce, ko kallon ƙofar ba ta yi ba. "Salansa sai a nemo mata sabuwa. Wannan ki ba Uzairu. Bakinsa ya fi bukata."